Gatarin Baba da Turmin Inna

Ranar wata Laraba da sassafe, a sanyin shekarar da na shiga aji uku, na fara amsa wa Baba da taɓarya. Inna tana jego, ni kuma na dunƙule a bakin murhu cikin tsohon zanenta, haƙorana sai kaɗawa suke. Can daga gefen daji sai muka ji ƙwas, ƙwas. Inna ta ce, "Ke sarkin son ɗumi, tashi ki amsa wa ubanki mana!" Na rungumo taɓaryar da ta fi ni tsawo, na maka wa turmin da babu komai a ciki sau biyu. Wallahi ranar ji na yi na zama babbar mace.

Baba mai lambu ne. Lambunsa yana bakin rafi a bayan ƙauyenmu, wajen Randagi, daidai inda gonaki suka ƙare daji ya fara. Da an gama girbi sanyi ya sauko, kowa na jin ɗumi, shi lokacin aikinsa ke tashi. Ya saro ƙaya ya gyara shinge saboda shanu, ya lulluɓe gindin dashe da busasshen ganye, ya share ciyawa kewaye da mangwaron da ya dasa da hannunsa don kada wutar daji ta lashe su. Da yake shi kaɗai yake tafiya, in ya isa sai ya buga bayan gatari a jikin wata busasshiyar kirya, mu san ya isa lafiya, mu amsa da turmi. In zai taso ma ya sake bugawa. Sauti yana tafiya da nisa a lokacin sanyi. Ranar da babu makaranta nakan bi shi ban ruwan albasa, ƙafafuna duk faso, rafi na tururi kamar tukunya, shi kuma ya tura mini rogo cikin toka. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka yakan ce, "Uwata, itace ma yana jin sanyi, baki ne ba shi da shi."

Na zama budurwa lokacin da 'yan bindiga suka cika dajin. Kowa ya bar zuwa rafi, Baba ma ya daure har damina ta wuce. Da sanyi ya shigo sai ya kasa zaune ya kasa tsaye, wai ciyawa ta kai wuya, ashana ɗaya ta isa ta gama da mangwaronsa. Inna ta roƙe shi har da kuka, ya ce yanzu zai dawo. Mun ji bugun isa, na amsa. Azahar ta yi, la'asar ta yi, babu bugun tasowa. Na kama turmi ina ta duka kamar mahaukaciya har tafin hannuna ya fashe. Inna ce ta zo ta riƙe taɓaryar, ta ce, "Bari haka, kina nuna musu gida." Gatarinsa kaɗai aka samu a gindin kiryar. Ya gama sharar tas.

Yanzu ina aure a Kaduna, markaɗe ma inji muke kaiwa, 'ya'yana ba su san me ake kira faso ba. An ce mangwaron suna nan, suna zuba babu mai tsinta. Amma duk safiyar sanyi, in mai faskare ya fara aiki a bayan layinmu, sai in tsaya cak ina saurare. Turmi nake da shi a bayan ƙofa, ba na daka komai a ciki. In na ji biyu a jere, har yau amsawa nake.