Kazar da Aka Daka a Turmi

A gidana na Tawa, kamar a gidan da na tashi can Bambeye, kowace gaɓar kaza da mai ita. Ƙundu na maigida ne. Cinya ta baƙo ce, in ba baƙo ta komo wa maigida. Yara su sami fiffike, mai girki kuwa ta ɗauki wuya da ƙafafu da ƙashin baya. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini wannan. Haka na buɗe ido na gani, haka kuma maiɗakina ta riƙe tun ranar da ta tare.

Shekarun baya kaɗan ciwon ciki ya kama ta, ta yi ta ramewa har zobenta yana zamewa daga yatsa. Mun yi na gida, mun yi na asibiti. A ƙarshe wani lokotoro, wato likita, ya ce cikinta ne ba ya karɓar alkama: ta bar burodi da taliya da fanke, da duk abin da aka sa wa fulawa. Gero da dawa ba laifi. Amma ya ja kunnena cewa jininta ya yi ƙasa ƙwarai, in ba ta riƙa cin nama da ƙwai ba, ƙarfinta ba zai dawo ba.

Barin burodi bai ba ta wuya ba. Naman ne ya gagara. Sai in sayo kaza in yanka, ta zauna bisa kujera ta dafa a hankali, amma in an kawo kwanona sai in tarar da cinya da ƙirji da ƙundu, nata kuwa wuya. In mayar mata, ta ce ta ƙoshi, ta rufe ta ajiye mini na safe. In na matsa, ta ce ita wuya take so. Ban ce ƙarya take ba, wanda ya shekara da shekaru yana cin abu yakan so shi. Sai dai wuyan kazar ƙauye ba ya mayar wa mutum jini.

Wata rana da la'asar, na fito daga ajinmu na yaƙi da jahilci, na bi ta bakin tasha inda wata mata ke soya dunƙulen nama. Na daɗe ina kallon kwanonta. Duk iri ɗaya suke, ba ka iya cewa wannan daga cinya ya fito, wancan daga wuya. Na tambaye ta yadda take yi, ta ce jiƙaƙƙen burodi ne ke riƙe su. Da na ce ba burodi a nawa, ta yi dariya, ta ce to in gwada ƙwai, in ya watse a mai kada in zo mata da ƙara.

Washegari na yanka kaza, na zare naman daga ƙashi, na zuba a turmi. Ban taɓa riƙe taɓarya ba tun ina yaro. Ban jima da farawa ba tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita ta ɗaga murya, tana tambaya wace amarya ce aka kawo da ba ta iya daka ba. Maiɗakina na kwance bisa tabarma a inuwa, ta rufe fuska da gyale don kunya. Ta ce mini in bari, mutane za su ce ta mallake ni. Na ce su faɗa.

Na farkon bai yi ba. Na cire fata, na cika ɗanyar albasa, abin ya yi ruwa, ya watse a kasko kamar dambu. A karo na biyu na bar fatar, don kitsenta ne ke hana naman bushewa. Maimakon ɗanyar albasa na sa gabu, da tafarnuwa da citta da masoro da gishiri, da ɗan barkono don cikinta. Na fasa ƙwai, na cuɗa, na rufe na bar shi ya huta a inuwa. Sannan na shafa mai a tafin hannu, na riƙa ɗiba da kofin shayi don kada wani ya fi wani, ina danna su faffaɗa kamar masa. Mai kaɗan, wuta a hankali, ba a juyawa sai gefen ya yi ja. Ƙasusuwan na yi romo da su.

Na kawo dunƙulen naman a faranti guda na ajiye tsakaninmu. Ta ɗauki ɗaya ta juya, ta ajiye, ta ɗauki wani. Na san abin da take nema.

"Malam, ina ƙundun?"

"Yana ciki."

"Cinyar fa?"

"Ita ma. Wuyan naki ma na kankare shi na zuba."

Ta dubi farantin. Sai ta ce, ƙasa-ƙasa, "To wanne ne naka?"

Na ce ta zaɓa mini. Ta daɗe ba ta zaɓa ba, don ba abin da za a zaɓa. Can ta tura mini ɗaya, ta gutsuri wani ta kai baki. Ban dube ta ba, na yi kamar ina fama da nawa, har na ji hannunta ya sake komawa farantin.

Ƙarfinta bai dawo dare ɗaya ba, sai da damina ta wuce. Yanzu zoben ya zauna, taɓarya ma ta karɓe daga hannuna, tsohuwar maƙwabciya ta ce unguwa ta huta. Amma dunƙulawa ban sakar mata ba. Sau ɗaya na bar ta, na ga wani ya fito ƙato kamar tafin raƙumi, an tura shi gefena. Tun ranar ita ke daka, ni ke aunawa da kofin shayi.

Ƙundu kaɗai ta ƙi ya shiga turmi. Takan ware shi ta soya daban, ta ɗora a bakin faranti ta wajena. Nakan bar shi nan sai na ga ta gama nata, sannan in ɗauka.