Tazarar da Yaya Zaleha Take Ƙirgawa

A masana'antarmu ta Penang, a ƙasar Malesiya, inda muke haɗa 'yan mitsi-mitsin na'urorin birkin mota, da kyar ake samun lalatacce ɗaya a cikin dubu ɗari. To wannan ɗayan Yaya Zaleha ta yi shekara ashirin da shida tana farauta da madubin ƙara girma. Kujerata na gefen tata, na sha faɗanta har na ƙoshi.

Injiniya Ooi, shugaban sashenmu, yana da jadawali a bango na lalatattun kowace rana: sifili, sifili, ɗaya, sifili. Layi kwance kamar tabarma. Ita kuwa abin da take rubutawa a ɗan littafinta daban ne: masu kyau nawa suka wuce tsakanin wannan lalatacce da na gaba.

Wata Alhamis, motar kaya na jira a ƙofa, saura wata uku ta yi ritaya, sai ta miƙa hannu ta danna jan maɓalli. Injin ya tsaya cak. A wurinmu, duk wanda ya tsayar da aiki ba dalili kora ce.

Ooi ya taho a guje. "Haba Yaya! Kan guda ɗaya tal? Jadawali lafiya lau yake!"

"Jadawalinka barci yake yi, ɗan nan. Duba tazarar: dubu casa'in, dubu ɗari da goma, sai dubu sha biyu, dubu takwas, yau dubu uku. Matsowa suke yi."

"In aka buɗe injin ba a ga komai ba fa?"

"Sai in ɗauki jakata, ka huta da bakina."

Awa biyu makanikai suna kwance injin, ita tana zaune tana goge tabarau. Ashe allurar da ke ɗinka zaren zinariya a jikin na'urorin ce ta tsage, tsagar da ido ba ya gani. Kayan birki fa! Muka ɗauki shewa, har da masu shara.

Washegari Ooi ya saya mata shinkafa da miyar kan kifi, ya ce daga yau irin ƙirgarta za a liƙa a bango. "Amma don Allah, a wace makaranta kika koya?"

"Makaranta? 'Yata Suraya ce mai farfaɗiya. Likita ya ce sau ɗaya a wata ba abin damuwa ba ne. Ni kuwa uwa ce, kwanakin tsakani nake ƙirgawa. Da na ga suna raguwa, na tsaya masa a ka sai da ya canza magani."

Ta buɗe shafin ƙarshe na littafin, ta tura masa. Lamba ɗaya ce, an sha gogewa ana sake rubutawa: 4,211.

"Kwanakin da ta yi ba ta faɗi ba ke nan," in ji ta. "Ci abincinka, gobe zan ƙara ɗaya."