Takalmin Mai Fenti

Shekara goma sha ɗaya rumfata ta gyaran takalmi tana kallon garejinsa, kuma ko na yini ɗaya jininmu bai taɓa haɗuwa ba. Fenti muke ce masa. Motoci yake fesa wa kala, taba a baki, takunkumin hancinsa kuwa yana rataye a ƙusa har gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Tarinsa ne ke sanar da layinmu gari ya waye. In ka yi masa sannu, sai ya ce, "Riƙe abarka."

Wata rana ya jefo min takalminsa a cinya.

"Kai, mai ƙusa! Tun da ka taɓa shi yake matse ni. Buɗa shi."

Na dubi ƙafarsa, ta kumbura suntum kamar burodi. Na san irin wannan ƙafar. Haka ta mahaifina ta yi, likita ya ce mana huhun da ya daɗe a toshe shi ke wahalar da zuciya. Tana ta tura jini, hanya ta ƙi buɗewa, har ta gaji, ruwa ya taru a ƙafa. Maganar ta zo min har baki. Sai ya ƙara da cewa aikina aikin banza ne, ni kuwa na haɗiye abata. Na tsaga gefen takalmin, na ƙara fata.

Bayan wata biyu ya dawo. Titi kawai ya tsallako, amma sai da ya dafa turken rumfata yana haki. Na sake ƙarawa. A zuwa na uku ne, bayan na ƙara fata ta uku, na ce, "Malam, ba takalmin ba ne. Je a duba zuciyarka."

"Tari nake yi, jahili. Ina ruwan tari da zuciya?"

Raina ya ɓaci, ban tsaya bayani ba. Na ce ya je can ya ƙarata.

Sati uku da rasuwarsa, matarsa ta kawo takalmin a leda.

"Ƙaninsa zai sa, a mayar da shi yadda yake," ta ce. "Likita ya ce da mun kawo shi tun farkon kumburin... To, wa ya sani? Ba wanda ya gane."

Ban ɗago kai ba. Na warware ɗinkin, na cire fata uku.

Har gobe ina jin haushin mutumin nan. Amma fatun suna nan cikin akwatin aikina, na kasa zubarwa, kuma ta farkon ce ba na iya kallo.