Tsirkiya Uku a Hannun Kakana

Duk ranar da na ji warin gam ɗin fata a kan wuta, sai in tuna benen da na girma a cikinsa, a bayan titin Liuhua, can ƙasar Chana. Babana ɗan kasuwa ne daga Kano, yadi yake aikawa gida. Ni kuwa makarantar 'yan Chana aka sa ni, don haka tun ina 'yar shekara goma ni ce bakin gidanmu, ni ke yi musu tafinta.

A ƙasan benen akwai wani tsoho ɗan Chana mai gyaran kayan kiɗan Rashawa. Abin da ya fi yawa a bangonsa shi ne balalaika, wani abu mai kusurwa uku da dogon wuya da tsirkiya uku. Wasu sun tsage, wasu gara ta ci. Yakan shafe wata yana kankare guda ɗaya.

A shekarar da na cika goma ne kakana ya zo neman maganin ido. Da ƙuruciyarsa garaya yake sassaƙawa yana kaɗawa, amma ya tuba ya bari tun kafin a haifi babana. Ba ya gani sosai, sai in ja shi zuwa shagon bayan azahar, ya zauna yana shafa katako, ni ina fassara musu hira.

Lokacin nan ne na shekara da bango ke gumi, tayil ya jiƙe, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Wata tsohuwa ta kawo balalaikar mahaifiyarta, wadda Barashiya ce. Ta ce likita ya gaya mata kwananta ya kusa ƙarewa, tana so ta ji muryar abin kafin ta tafi. Da mai shagon ya ɓare bayan balalaikar, sai ga kitson gashi fari sol a manne a ciki.

Kaka ya karɓa ya shafa. Ya ce in gaya wa mutumin ya mayar da gashin, ya rufe, amma kada ya ɗaura tsirkiya, domin marigayiyar mai abin ba ta sake shi ba.

Ka ga, ni ina so in ji yadda balalaikar take kuka. Sai na juya na ce da yaren Chana, wai Kaka ya ce a ɗaura sababbi.

Ranar da tsohuwar ta dawo, la'asar ce, ana yayyafi. Mai shagon ya kaɗa mata abin da ya iya, ta girgiza kai. Ba shi ba ne. Sai na ga Kaka ya miƙa hannu, mutumin da ko rediyo yakan kashe in an sa kiɗa. Ya ɗora ta a cinya yadda ban taɓa ganin an riƙe garaya ba, ya fara wani kiɗa mai sanyi, a hankali, kamar ana lallashin jariri. Tsohuwar ta rufe ido ta bi shi da waƙa, da yaren da ba na Chana ba. Fuskar Kaka kuwa babu komai a cikinta, kamar mai barci ido buɗe.

Da ya gama, hannunsa na dama ya yi sanyi ƙalau. A kan matakala ya tsaya yana haki.

"Amarya," ya ce, haka yake tsokanata, amma ranar babu wasa a muryarsa. "Ba ni na kaɗa ba. Me kika gaya wa mutumin nan?"

Na ja shi muka hau sama, bai sake tambaya ba. Tsohuwar ta rasu kafin bango ya bushe. Kaka ya koma Kano, kuma har ya bar duniya yatsun hannun nan ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Da hagu yake jan carbi.

Yanzu an rushe benen, an gina babban kanti. Ina aiki a kamfanin kaya kusa da filin jirgin Baiyun, ina da 'ya ɗaya. Kwanaki ina goye da ita a kicin, sai na ji bakina yana rera waƙar nan, har da kalmominta, ni da ban san ko gaisuwa da Rashanci ba. Na katse waƙar. Yarinyar ta ci gaba daga inda na tsaya.