Garkuwa Bisa Rumbu

Jiya ruwan farko ya sauka a Maraɗi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuno mini da kakan mijina na Tsibiri. Ba ya gajiya da hawan turmina a matsayin doki, ya zare muciyata, ya gwada mana yadda mahaifinsa ke sara da takobi. Amma garkuwar da ya gada, mai warin tsohuwar fata, ba mai taɓa ta. Yakan ce mini, "Amarya, mahayin kirki dokinsa yake karewa da ita, don shi zai maida shi gida."

Shekarar fari, da soja suka karɓi mulki, damin irin gero ɗaya ya rage mana. Ran da ruwa ya dawo, iska ta yaye jinkar rumbu. Sai ga tsoho bisa tsani, ya rufe bakin rumbun da garkuwar, ya danne ta da ƙirji, ruwa na dukan bayansa.

Na ce, "Kaka, za ta lalace fa."

Ya yi dariya ya ce, "Bari ta lalace, yau geron nan ne dokinmu."

Shi muka shuka, shi muka ci. Allah ya kai sanyin ruwan jiya kabarinsa.