Turmin Inna da duwatsun Yaya

Da aka rufe kamfanin da yayana yake aiki a Chikaji, sai ya bi abokansa dajin Birnin Gwari haƙar zinari. Ban ga laifinsa ba. Mutum da mata da 'ya mai rarrafe, ga mahaifiyarmu Inna, ga ni ina karatu, kuma kullum sai an ɗora tukunya. Ya tafi da 'yar ƙibarsa, ya dawo gidanmu na Samaru baƙi wuluk, duk ya zabge, da buhunan duwatsu a bayan a-kori-kura.

Wai a can bakin rami masu injin niƙa ne suke cinye ribar. Ka shiga ƙarƙashin ƙasa da ranka, ka fito, wanda yake zaune a inuwa ya ɗebi kaso mai tsoka. Shi ya sa ya yanke shawarar kawo nasa gida, ya daka da kansa, ya wanke, ya kai wa masu sayen zinari a Sabon Gari. Yaya akwai dabara, sai dai dabarar tasa ba ta cika waiwayen baya ba.

Turmi ɗaya ne a gidan da zai iya wannan aiki, na Inna. Na ƙirya ne, ta gaje shi wurin mahaifiyarta, bakinsa ya yi sulɓi don tsufa. Maƙwabta sun daɗe da daina zuwa aronsa, don sun san amsar. Amma da Yaya ya durƙusa ya roƙa, ko musu ba ta yi ba. Na ji haushi a ranar, don ni ko gyaɗa zan daka a ciki sai an tsaya a kaina.

Sai ya farfasa dutsen da guduma, ya zuba a turmi, ya bi shi da wani tsohon ƙarfen mota, ya tankaɗe da rariya. Ƙura ta bi tsakar gida, ta hau shanya, ta kwanta a kan murfin randa. Da la'asar Inna ta ɗauraye turminta ta daka geron kunu a ciki. 'Yar Yaya kuwa tana rarrafe a tsakiyar wannan duka, abin da hannunta ya taɓa sai baki.

Zinarin da ya fito bai fi ƙwayar dawa ba, amma ya yi kuɗi. Yaya ya dawo daga Sabon Gari da atamfar Inna da tsokar nama, har da takalmina. Muka ci muka sa masa albarka, muryata ma ta fi ta kowa.

Ba a jima ba yarinyar ta daina rarrafe. Ga amai, ga kuka ba dalili, daga baya jikinta ya fara sanƙarewa. A asibiti likita ta auna jininta, ta tambayi uwar ko akwai mai aikin duwatsu a gida. Ta ce gubar dalma ce, tare take fitowa da zinarin, kuma yara ta fi yi wa illa. Za ta rayu in Allah ya so. Amma kada a mayar da ita gidan sai an kankare ƙasar tsakar gida, an kawar da duk abin da dutsen ya taɓa.

Aka kankare ƙasa, aka zubar da rariya da ƙore. Saura turmi, kuma ni aka tura in yi wa Inna bayani, tunda ni ce 'yar boko.

"Zan wanke shi da toka da ruwan zafi," in ji ta.

Na ce, "Inna, garin ya shige cikin icen, ba ya fita."

"To a kai wa maƙwabciyarmu matar mai shago, ta daɗe tana so."

"Ita ma tana da yara, Inna."

Sai ta ce a faskara shi a hura wuta, ko ya yi amfaninsa na ƙarshe. Da na ce hayaƙin ma guba ne, sai ta dube ni kamar ni na ƙirƙiro cutar. Ta shige ɗaki. Tausayinta ya kama ni sosai, don ban da wannan turmi ba ta da komai na mahaifiyarta.

Aka sallami yarinyar, uwarta ta wuce da ita gidan 'yan'uwanta a Hanwa. Turmi yana nan jingine a gindin bango, ba mai taɓawa, ba mai zancensa. Yaya ya daina cin abinci a gida, in ya shigo ma kansa a ƙasa.

Wata safiya Inna ta fito ta kira shi.

"Ɗauko digarka," ta ce. "Tunda haƙa ka iya."

Ya haƙa rami a bayan gida, nesa da rijiya, har ya kai masa ƙirji. Na kai hannu zan taya Inna ɗaukar turmin, ta ture ni. Ita kaɗai ta mirgina shi har bakin ramin, tana haki, ta tura shi ciki. Yaya ya tsuguna a kan ƙasar da ya tono, hawaye na zuba.

"Inna, ki yafe mini."

"Da hannuna na ba ka," ta ce. "Rufe, ka je ka ɗauko mini jikata."