Waƙoƙin da Na Tara Don In Goge

Ƙanena ya rasu yana da shekara ashirin da huɗu. Sikila ce ta tafi da shi, bayan ta gama wasa da mu tun yana goye. Abin da ya bari bai taka kara ya karya ba: jita guda mai tsinkakkiyar igiya, da wasu waƙoƙi da ko a gidan bikin maƙiyinka ba za ka so a saka ba.

Shi da abokansa uku suna da ƙungiyar kiɗa. Fank rok suke kiran abin. A shagon intanet na bakin layinmu a unguwar Hindawiyya, nan Makka, ya tsinto shi, kiɗan wasu samarin Turawa masu jin haushin kowa da komai. Ganga tana gudu kamar an biyo ta, jita mai lantarki tana ƙara, mawaƙi yana ihu, kafin ka gyara zama waƙar ta ƙare. Ranar Alhamis sai su kama istiraha, irin gidan shaƙatawar nan da ake haya a bayan gari kan hanyar Jidda, inda babu maƙwabcin da zai kai ƙara. Su ɗora waya a kan kujera, su danna ɗauka, su hau kiɗa. Na sha gaya masa cewa in wannan waƙa ce, to injin markaɗen maƙwabciyarmu ma mawaƙi ne. Sai ya yi dariya ya ce, "Wallah Yaya ma tifhami, ba ki gane ba ne." Hausarsa ke nan, rabi tamu rabi ta Larabawa, don a nan aka haife mu duka, kakanninmu ne suka zo ta Sudan.

A rana ta biyu ta zaman makoki wata mata ta matso kusa da Inna. Ba muguwa ba ce, ita ta kawo mana tukunyar shinkafa da safe. Cikin tausasa murya ta ce ta ji yaron yana da waƙoƙi a wayoyin mutane, kuma duk lokacin da wani ya kunna kiɗan, ana rubuta masa zunubi a can inda yake kwance. Haka ake yi a garin nan, in mutum ya rasu 'yan'uwansa sukan roƙi jama'a su goge duk wani abu nasa mai kiɗa a ciki. Ni ba malama ba ce, ban san iyakar gaskiyar maganar ba. Abin da na sani shi ne na ji kamar in ɗauki butar gahawa in rafka mata.

Da aka watse Inna ta kira ni ɗakinta.

"Ki nemo min su duka," ta ce. "Na wajen abokansa, da na wajen waɗanda ban sani ba. Ki goge."

"Inna, muryarsa ce fa. Ba mu da wata."

Ba mu da ita kuwa. Lokacin ba a fara yayin aika saƙon murya ba, kuma shi ba ya yarda a ɗauke shi bidiyo saboda idanunsa da ciwon ya mayar ruwan ɗorawa. In ba a waƙoƙin nan ba, babu inda muryarsa ta saura a duniya.

Inna ta dube ni ta ce, "Shekara ashirin da huɗu ina zaune a bakin gadonsa, ban taɓa iya ɗauke masa ciwo ko na cikin cokali ba. Wannan kuwa zan iya."

Mai gangar ƙungiyar ne ya taimake ni. Yana jan motar haya, kuma shi ya riƙa kai ni duk inda za ni, yana tuƙi yana share hanci da hannun riga. Waƙoƙin da aka sani, 'yan kaɗan da suka saka a intanet, a yini ɗaya ya sauke su. Sauran ne aiki. Akwai waɗanda aka yi sau ɗaya aka manta, akwai waɗanda aka tura wa wani ta bulutut shi ma ya tura wa wani. Shawararsa ce mu fara tara su wuri guda a wayata don mu san ba mu bar ko ɗaya ba, kowa muka karɓa ya goge tasa a gabanmu. Haka na zama ni, mai zagin kiɗan, na fi kowa a Makka yawan waƙoƙinsu.

Mun je unguwar Tandabawi wajen tsohon mai jitarsu, wanda ya bar su ya tsayar da gemu ya buɗe shagon turare da carbi. Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Khalas, shi ke nan, ni na tuba tuni, babu komai a wajena." Har mun shiga mota sai ga shi da sauri, ya miƙo ɗan katin waya ta taga, a naɗe cikin takardar turare. "Wallahi ban saurara ba tun da na bari," ya ce. "Jefarwa ce na kasa." Ya juya kafin mu ga fuskarsa da kyau.

A cikin motar nan na fara sauraronsu da gaske, da tsakar rana, gilashi a rufe. Akwai wadda yake zagin layin asibiti. Akwai ta gidan kakarmu da aka rushe, akwai ta mutumin da aka haifa a gari amma kullum ana tambayarsa ƙasarsu. Ihun dai yana nan, kuma har gobe ba zan ce yana da daɗi ba. Amma na gane shi. A gida in ciwon ya tashi, matashin kai yake cizo don kada Inna ta ji. Ashe tarawa yake yi, ranar Alhamis ya kai bayan gari ya zubar. Na ce wa mai ganga ya tsaya a gefen titi, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

Ta ƙarshe a unguwar Utaibiyya muka same ta, wajen wata yarinya da ko ni ban san da zamanta ba. Ita ta aiko min saƙo da kanta da ta ji ana nema. Na hau benensu ni kaɗai. Waƙar tata ce kawai ya yi da Hausa zalla, Hausar tana tafiya tana tuntuɓe, kuma ita kaɗai ce babu ihu a ciki. Ta ce, "Abla," wato Yaya, "in ƙara ji sau ɗaya?" Muka zauna a bakin gadonta muka ji tare. Sannan ta miƙo min wayar ta ce in goge da hannuna, ita ba za ta iya ba.

Da na gaya wa Inna sun kammala, na ɗauka za ta ce in goge nan take. Sai ta hau murza bakin mayafinta. Can ta ce, "Na ga ana cire kiɗa daga waƙa a bar muryar mutum. Ba za a iya yi wa tasa haka ba?" Sai a lokacin na san ita ma abin yana cinta, ta fi ni iya haɗiyewa ne kawai.

Na kira mai ganga. Ya ce, "Ma yinfa', Yaya, ba zai yiwu ba. Da waya ɗaya muka ɗauka, komai ya gauraye. Kin taɓa cire sukari daga shayi?"

Har na ajiye wayar sai na tuna wani abu. Tunda su ba su san gyaran sauti ba, kowace waƙa tana farawa ne da surutu. Ana jan kujera, wani yana tari, ƙanena yana cewa su tsaya bai shirya ba, sannan ya ƙirga musu su faɗa kiɗan. Babu kiɗa a wannan ɗan tsakanin, shi ne kawai yana magana.

Washegari muka zauna a kwamfutar mai ganga muka yanke farkon kowace waƙa, daidai inda ganga za ta shigo. Muka jera su. Duka ba su kai tsawon tafasar ruwan shayi ba. Sauran kuwa, waƙoƙin kansu, ni na danna na goge su, wayar ta tambaye ni ko na tabbata na ce eh. Ban ɓoye ko ɗaya ba, don Inna ta amince da ni. Amma ba zan yi ƙarya ba, ranar nan na ji kamar sau biyu aka yi mana rasuwa, kuma ta biyun da ɗan yatsana aka yi ta.

Inna tana da abin a wayarta har yau. Bayan la'asar takan kunna tana tsince shinkafa. Akwai guda ɗaya da ta fi so. Ana jin sa yana cewa, "Yalla ya shabab, mu je samari," sai wata waya ta yi ƙara. "Ku tsaya, ku tsaya, Inna ce. Na'am Inna? Eh, na sha maganin. Wallahi na sha." Abokansa suna dariya ƙasa-ƙasa. Duk lokacin da aka zo nan sai Inna ta ce wa wayar, "Ƙarya kake, ba ka sha ba." Daga nan ya ƙirga, wahid, itnen, talata, arba'a, ya ja dogon numfashi, sai abin ya yanke.

Bayan wasu shekaru, wata rana ina yanka albasa a gefenta, ya ja numfashin nan ya yanke kamar kullum. Inna ba ta ɗago kai daga tiren ba ta ce, "Wai me yake cewa bayan nan?"

Ni ce na ji su duka, ni ce na tara su. Na buɗe baki in gaya mata, sai na tarar ban tuna ba. Ko ta asibiti ce, ko ta gidan kakarmu, ban sani ba. Na kira mai ganga a take, ya yi ta ƙoƙarin rera min wani abu, sannan ya ce shi bugun kawai ya riƙe, kalmomin na marigayi ne.

Inna ta ce ba komai, in bar shi. Ta goge hannunta a zani, ta jawo wayar, ta mayar da ita farko.